Tayoyin Malama Birki

A layinmu ba mai kiran ta da sunan da aka raɗa mata. Malama Birki muke cewa, har jikokinta ma in sun tabbata ba ta kusa. Aikinta ne ya ba ta sunan. Tun tana da ƙuruciya take koya wa mutane tuƙi, mata galibi, a wata 'yar mota ruwan toka wadda aka ƙara wa birki na biyu a wajen kujerar mai zaman banza. A wannan kujera ta ƙarar da mafi yawan shekarunta, hannu a cinya, ido a titi, ƙafar dama a sama tana jiran wani ya yi kuskure. In ka bi ta filin da suke koyo, muryarta za ka fara ji ta taga: "Birki! Birki, 'yar nan! Bangon ba zai matsa miki ba!"

Tana da hanyarta ta gane wadda ta iya. Ranar da ta ga hannun ɗaliba ya faɗa, sai ta ɗauko kwalin ashana wanda ba kome a ciki, ta ɗaure shi da roba a kan birkin ɓangarenta, ta ɗora tafin ƙafa a kai a hankali. Su shiga gari, su ratsa bakin kasuwa, su zagaya shataletale, su gangara gada. In sun dawo kwalin yana nan lafiya, ɗaliba ta iya. In ya lotse, sai Malama ta nuna mata shi ta ce, "Ba ni na kayar da ke ba, ƙafata ce. Ita kuwa ba ta san sanayya ba." 'Ya'yanta na cikinta ma sai da suka bi ta kan kwalin nan.

Da mijinta ya rasu, yara suka kama gabansu, gwiwa ta fara yi mata magana da safe, sai ta rufe makarantar. Kowa ya ɗauka za ta shimfiɗa tabarma a inuwa ta jira baƙi. Ba a daɗe ba muka ji wani gurnani ya shigo layi, irin wanda ke sa gilashin taga rawa. Na leƙa, don tagata tana kallon ƙofarta. Mota ce mai ƙofa biyu, kujera biyu, launin gwaiduwar ƙwai, ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa mai shirin tsalle. Ba sabuwa ba ce, ta sha hannu, amma idonta a buɗe yake. Malama ce a ciki, gyalenta ɗaure a wuya don kada iska ta tafi da shi.

Mutanen layi suka sa wa motar suna Takalmi, wai don ba shiga ake yi ba, sakawa ake. Ƙanwarta ta zo ta zagaya ta, ta riƙe haɓa.

"Yaya, kujera biyu kacal? To mu fa?"

"Ɗaya tawa, ɗaya ta jakata."

"In za mu unguwa fa?"

"Ku yi gaba, zan same ku. Kai, zan ma riga ku."

Da safe, kafin titi ya cika, Malama takan fito da motar. Ta bar injin ya yi ɗumi, tana share madubi da gefen gyale, sannan ta fice ta hanyar bayan gari inda titi yake lanƙwasa, kwana bayan kwana, kamar igiyar da aka yar. Ba gudun hauka take yi ba. Wanda ya taɓa bin bayanta ya ce ba ta taɓa taka layin tsakiya ba. Abin da take so shi ne kwana: yadda mota ke kwantawa a ciki, ta riƙe ƙasa, ta fito da ƙarfinta. Ta taɓa ce mini, muna tsaye a bakin ƙofa, "Maƙwabci, na gama taka wa mutane birki. Abin da ya rage mini na ƙafa, totur zan ba."

Ruwan farko na damina ne ya kawo magana. Ta shiga babban shataletalen da ke gaban gada, kwalta ta jiƙe, sai bayan motar ya zame. Takalmi ta juya a hankali, kamar mai waiwayen kira, ta tsaya tana kallon inda ta fito. Ba ta taɓa kowa ba, ba wanda ya taɓa ta. Malama ta gyara ta, ta dawo gida. Ina kallo ta fito, ta dafa ƙofa, ta durƙusa da ƙyar a gefen tayar baya. Ta danna farcen babban yatsanta a jikin robar. Farcen bai shiga ba. Zanen tayar yana nan, bai suɗe ba, amma robar ta bushe ta yi tauri kamar ƙaho, ga ƙananan tsaga a gefe irin na diddigen tsoho. Ta daɗe a durƙushe tana shafa ta.

Kafin la'asar labari ya kai wa babban ɗanta. Shi ma ba a kiran sunansa, Inshora ake ce masa, don a kamfanin inshora yake aiki, kuma aikinsa shi ne zuwa duba motocin da suka yi haɗari. Kullum cikin ƙarfen da ya murɗe yake, da gilashin da ya zube, da takalmi ɗaya a ƙarƙashin kujera. Mutum ne mai sanyin magana, mai ɗaura bel ko da mota a tsaye take. Ya zo ranar, ya zauna a falonta, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

"Mama, yau Allah ya tsare. Gobe fa?"

"Gobe ma shi zai tsare. Taya ce ta mutu."

"Duk wanda na je duba motarsa haka yake cewa. Taya ce, ruwa ne, rami ne. Ban taɓa jin wanda ya ce shekaru ne ba."

"Shekarun wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ki sayar da ita, Mama. Ni zan riƙa kai ki duk inda kike so."

"A kujerar mai zaman banza?"

"A kujerar hutawa."

"Na san kujerar nan fiye da kai. Ba hutu a cikinta."

Ya tafi ba su daidaita ba. Bayan 'yan kwanaki ta tura masa saƙo a waya. Malama ba ta sa waƙafi ko aya in tana rubutu, ta ce ɓata lokaci ne. Ga abin da ta rubuta: nemo mini mai taya motata ta gaji.

Ita a ranta numfashin yana bayan "taya". Mai sayar da tayoyi take nema, don motarta ta gaji da tsofaffin. Shi kuwa da ya karanta, sai ya ajiye numfashin inda zuciyarsa ta daɗe tana so, bayan "motata". Wato a nemo wanda zai taya motar, a yi ciniki, ta gaji. Da da baki ta faɗa, da ya ga fuskarta ya gane. An ce har matarsa ya kira ya ce, "Mama ta sauko."

Washegari da hantsi sai ga shi da wani dillalin motoci, mai ƙaton agogo da turaren da ya riga shi shigowa layi. Malama ta fito da fara'a, ta buɗe gareji.

"Sannu da zuwa. Kai ne mai tayar?"

"Ni ne, Hajiya. Ai da na ji irin motar ko karyawa ban tsaya yi ba."

"Madalla. Ka taho da su, ko sai ka gani tukuna?"

Dillali ya shafa aljihu ya yi dariya. "Suna nan, Hajiya, ba sa nisa. Amma ai sai an gani."

"To duba na baya da kyau. Sun fi na gaba faɗi, kada ka haɗa mini su ɗaya."

Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya leƙa ƙarƙashi, ya buɗe gaba ya shinshina inji. Malama ta bi shi da ido.

"Malam, me ya kai ka inji? Ƙafafun suna ƙasa."

"Ai duka ake dubawa, Hajiya. Fenti ya ɗan kwanta, kujerar nan ta tsage, tayoyi kuwa sai dai a zubar. Amma ba kome, ki yanka mata kuɗi, ni kuma in taya."

Fara'ar ta sauka daga fuskarta kamar an zare labule. Ta juya wajen ɗanta.

"Wane ne wannan?"

"Mai taya motar, Mama. Ke kika ce."

"Ni na ce?"

Ya ciro waya ya karanta mata, ya tsaya inda ya tsaya jiya. Ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta karanta da nata numfashin, da ƙarfi, har na ji daga tagata: "Nemo mini mai taya! Motata ta gaji!"

Dillali ya kalli uwa, ya kalli ɗa. "To ai duk ba a ɓata ba, Hajiya. Tunda na riga na zo, bari in faɗi abin da zan..."

"Kada ka soma. In ka furta lamba a gaban motar nan, sai ka wanke ta kafin ka tafi, ka wanke bakinka."

"Allah ya huci zuciyarki."

"Zuciyata lafiyarta lau. Turarenka ne ya cika mini gareji."

Da dillali ya fita, Inshora ya tsaya riƙe da waya, kunya da haushi suna kokawa a fuskarsa. "Mama, taya ki nake so in yi, wallahi. Ba wani abu ba."

"To taya ni. Bi ni a baya, mu je layin masu tayoyi. In ka ga na yi maka nisa, kada ka ji tsoro, zan jira ka a danja."

Shagon da ta tsaya dogo ne mai duhu, tayoyi jere har rufi, warin sabuwar roba ya cika shi, injin iska yana tari a ƙofa. Mai shagon, wani kakkauran mutum da baƙin mai ya zauna masa a layukan tafin hannu, ya fito yana goge yatsu. Ya ga motar, ya yi fito, sannan ya wuce Malama ya miƙa wa Inshora hannu.

"Yallaɓai, wannan 'yar gata ce. Me za a sa mata?"

"Tambayi mai ita," in ji Malama.

Ya juyo. "Au, ta Hajiya ce? To, to. Ai sai mu sa miki mai sauƙi." Ya gangaro da wata taya, ya buga ta da tafin hannu. "Wannan robarta tauri gare ta, ba ta cinyewa. Kasuwa, asibiti, gidan jikoki. In kika sa ta yau, kin gama sayen taya ke nan."

"Na gama?"

"Har abada, Hajiya."

"Wato ita za ta binne ni."

"Subhanallahi, ba haka nake nufi ba."

"Haka ka ce. Mayar da ita."

Inshora ya matso. "Mama, ki saurare shi. Mai ƙwari ai ita ce mai aminci."

"Mai ƙwari ce ta juya ni a shataletale. Ta ƙi mutuwa, ta ƙi aiki." Ta wuce su ta shiga cikin shagon, tana bin jerin da hannu, tana danna farce a kowace. Wannan ta yi tauri. Wannan ta daɗe a ajiye, ta duba gefenta inda ake buga shekarar da aka yi ta, ta ture. Wannan ta hannu ce an shafa mata baƙi. Can ƙurya ta tsaya gaban wata faffaɗa, mai gajeren gefe, zanenta ya tsaga biyu kamar ƙashin kifi. Ta danna. Farcen ya shiga, robar ta dawo a hankali.

"Wannan fa?"

Mai shago ya sosa ƙeya. "Wannan ta masu zafin ƙafa ce, Hajiya. Laushi gare ta. Tana kama kwalta kamar ƙaya a riga, in ana ruwa kuma zanen nan yana watsar da shi gefe. Gaskiya ita aka yi wa motarki. Amma ba ta daɗewa. Tana riƙewa, tana cinyewa."

"Saboda tana riƙewa take cinyewa?"

"Ƙwarai. Duk kwanar da kika sha, sai ta bar kaɗan daga jikinta a titi."

Malama ta yi murmushi, na farko tun safe. "To ita ce 'yar'uwata. Huɗu. Na baya faffaɗa, na gaba daidai da su. Kuma ga kibiya a gefe, kowace ta kalli gaba, kada a juya mini ko ɗaya."

"Hajiya ta san kaya," in ji mai shago, ya ɗauko jak.

Ta zauna a kan benci tana kallon ana kwance noti. Inshora ya tsaya a kanta, ya rage murya.

"Ko da tayar zinariya kika sa, Mama, hannun da ke kan sitiyarin shi ne dai. Ni nake zuwa in ga abin da ya rage. Ba na so wata rana a turo ni in duba mota ruwan ƙwai."

Ta san ba ƙarya yake ba, ta kuma san tsoron nan daga ina ya fito. Sai ta buɗe jaka, ta lalubo kwalin ashana, ta zazzage 'ya'yan a tafin hannu ta miƙa wa mai shago. Ta ɗaga kwalin.

"Ka tuna wannan?"

"Na tuna. Sau biyu kika kayar da ni."

"Ƙafata ta kayar da kai. To yanzu taka za ta yi hukunci. Ranar da aka yi ruwa, ka zauna a gefena, ka ɗora ƙafa a kansa. Mu bi gada, mu shiga shataletalen nan. In tsoro ya sa ka taka birkin da babu, ka lotsa shi, makulli naka ne, ka kira mai turarenka. In kuwa ba haka ba, ba za ka ƙara yi mini zancen shekaru ba sai na tambaye ka."

"Kin yarda?"

"Ka taɓa jin na janye magana?"

Mai shago ya ɗago daga ƙarƙashin mota. "Amma kada ku yi yau, Hajiya. Sabuwar taya tana da maiƙo a fuska, sai ta ɗan ci kwalta tukuna."

"Zan ciyar da ita," in ji ta.

Ta ciyar da ita kuwa. Kowace safiya tana fita, tana dawowa, tana shafa tayoyin da hannu tana jin ɗuminsu. Ranar da hadari ya haɗo da azahar, ba ta yi rubutu ba. Kira ta yi, da bakinta: "Gari ya yi baƙi. Taho da ƙafarka."

Na ga fitarsu. Shi ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya cusa kansa cikin Takalmi, ya ja bel har sau biyu. Ita ta sunkuya ta ajiye kwalin a ƙarƙashin takalminsa na dama. Ruwa ya sauko suna barin layi. Sauran labarin daga bakinsa na ji, daga baya.

Ya ce hankalinta duka a kan titi yake. Ta gangara gada ruwa yana dukan gilashi. Da shataletalen ya bayyana sai ya ga duk motocin da ya taɓa dubawa sun jeru masa a ido. Ta rage giya tun kafin kwana, ta shiga a natse, hannayenta biyu a kan sitiyari, jijiyoyinsu a tashe. Ya jira bayan motar ya zame. Bai zame ba. Ya ji tayoyin suna yanka ruwa, suna riƙe da ƙasa kamar yatsu. Ta zagaya, ta wuce hanyar fita, ta sake zagayawa, don kada ya ce sa'a ce. Sannan ta miƙe ta hanyar bayan gari, titi ya buɗe fayau ba kowa, ta ba ta wuta daidai yadda doka ta yarda, inji ya buɗe murya.

Da suka dawo ruwa ya tsagaita. Ta kashe mota a ƙofar gida, ta miƙa hannu. Ya sunkuya ya ɗauko kwalin. Ya lotse sarai, ya zama kamar ganye.

Ta dube shi. Ta zare makulli, ta riƙe shi a tsakaninsu, haɓarta a sama.

Inshora ya kalli makullin. Abin da ya zo nema ke nan tun ranar ruwan farko, ga shi an miƙo masa, ba wanda zai ce ya yi ƙwace. Ya juya kwalin a hannunsa.

"Ba birki na taka ba, Mama."

"Me ka taka?"

"Totur." Ya kau da kai yana dariyar kunya. "Da muka fita miƙaƙƙen titin nan, na ga kin tsaya a iyakar doka, sai ƙafata ta ce ƙara mana."

"Na sani," in ji ta. "Na ji lokacin da ya fashe. A shataletale ƙafarka ko motsi ba ta yi ba. So nake in ji ko na haifi mai gaskiya."

Ta mayar da makullin jaka, ta ja zif.

Ya fito da ƙyar, yana miƙe baya. Ya zagaya ya tsaya a tagarta. "To ko sau ɗaya, ki ba ni in ɗana?"

"Wanda ya lotsa kwali a miƙaƙƙen titi? Je ka koyi haƙuri tukuna."

Har yanzu da safe gilashin tagata yana rawa. Kwanakin baya na gan ta durƙushe a gefen tayar baya, tana auna zurfin zanen da farce. Na ce, "Malama, lafiya?"

"Suna cinyewa, maƙwabci," ta ce, fuskarta cike da jin daɗi. "Na aika wa mai shago ya ajiye mini wasu huɗu."